Ranar da 'Yar Ja ta ƙetare iyaka da suwaita

Akwai abin da ya same ni a bakin iyakar Jibiya wanda ba na jin zan taɓa mantawa da shi, ko da yake gara in faɗa tun farko cewa an kwana biyu, wataƙila wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne lokacin sanyi ne, kuma niyyata mai kyau ce.

Na gama digiri a fannin kiwon dabbobi, ina gida ina jiran tafiya bautar ƙasa. Sai aka sa ranar yi wa kawuna, ƙanen mahaifiyata, aikin yanar ido a Katsina. Mafarauci ne, kuma yana da matasan karnuka biyu da yake shirin fara fita da su a wannan shekarar, Duna da 'Yar Ja. Ya kira ni gidansa da ke bayan gari wajen Magama.

"Ɗana, tunda dabbobi ka karanta, ga su nan. Abu guda nake roƙonka, kada su bi tawagar wasu. Ɗan kare in ya bi wasu mafarauta ya ci daga hannunsu, ya zama nasu. Ko alƙali ba ya karɓo maka shi."

Na so in bayyana masa cewa karatuna ya fi karkata ga kaji da shanu, amma na ga mutumin da za a taɓa wa ido bai kamata a ƙara masa damuwa ba. Na ce to.

Da farko kulle su na yi. Suka tone gindin katanga, suka cinye takalmin Kawu ƙafa ɗaya, suka hana maƙwabta sakat da haushi. Na bincika a waya, na ga an ce matashin kare sai ana fita da shi yana sauke ƙarfi. Sai na samo igiyoyin ɗaurin awaki, na fara fita da su kullum bayan asuba.

Wanda bai taɓa riƙe karnuka biyu masu ƙuruciya cikin jaura ba, ba lallai ya gane ba. Yatsu sun ƙandare, ba ka jin igiyar a hannunka. Duna ya nufi gabas, 'Yar Ja ta nufi yamma, sannan su yi shawara su zagaye maka ƙafafu. Ga mahaifiyata ta yi mini kashedi cewa in bakin kare ya taɓa rigata kada in shigo mata ɗaki. Saboda haka nake tafiya hannuwa a buɗe, kamar mai shanyar zane.

Hanyarmu tana bi ta gaban mai shayin bakin iyaka, inda direbobi da 'yan dako ke kewaye wuta.

"Likita, yau wa ke kiwon wa?" in ji mai shayi.

Wata safiya na lura Duna yana karkarwa. Yanzu ina zaton zumuɗi ne, amma a lokacin ciwon haƙarƙari na hango, da kuma fuskar Kawu. Na je wajen yayata na karɓo tsofaffin suwaita biyu na 'ya'yanta. Duna ya samu shuɗiya, 'Yar Ja ta samu ruwan ɗorawa mai maɓallai. A gaskiya sun yi musu daidai.

"Likita, saura hula," in ji mai shayi da ya gan mu washegari.

Wani direba mutumin Maraɗi ya kurɓi shayi ya ce, "Ni ɗiyana ma ba su samu irin wagga ba. In an tashi rabo a tuna da mu."

Na ja karnukan na wuce. Lafiyar dabba ta fi maganar mutane, haka na gaya wa kaina.

Ranar da abin ya faru, mun ɗan wuce mai shayi sai zomo ya yi tsalle daga cikin karan gero. Ni dai na tuna na zauna ƙasa da gangan don in ƙara nauyi. Wasu sun ce jana aka yi. Ko ma dai yaya ne, da na miƙe igiya ɗaya ce a hannuna, ga ɗigon ruwan ɗorawa can yana ƙanƙancewa cikin gonakin Nijar. Daga can ɓangaren kuma na jiyo ƙahon mafarauta. Sai kashedin Kawu ya faɗo mini.

Na ja Duna har shingen da ake tsayar da motoci, na tsaya na fara yi wa jami'in bayani cewa ban fito da katin shaida ba, kuma karen ba shi da takardar rigakafi, amma akwai uzuri. Mata masu tallan fura suna ta raɓa ni suna wucewa. Ya dube ni, ya dubi shuɗiyar suwaita.

"Malam, wadda ta wuce ɗazu ma ba ta nuna mini komai ba. Je ka dawo."

A can ɓangaren ban sha wahalar tambaya ba. Kafin in buɗe baki ake nuna mini hanya. "Mai riga? Ta yi nan." Mai keken shanu ya gan ta, mai itace ta gan ta, har wani jandarma ya ce ya so ya ɗauke ta hoto.

Na iske mafarautan a gindin gawo, 'Yar Ja a tsakiyarsu tana haki, zomon a hannun wani dattijo. Na yi sallama, na durƙusa nesa kaɗan.

"Wagga karya taka ta?" in ji dattijon.

"Ta kawuna ce, Baba. Amana ce."

"Tana da ƙafa. Na so ta ƙwarai." Ya juya zomon. "Da tsirara ta taho, da kai da ita sai a lahira. Mun gwada tuɓe mata rigar, ta kai cizo. To in na shiga gari da ita haka, har in mutu sunana mai karya da riga. Ko loma ban ba ta ba. Ɗauki abarka. Zomo dai namu na."

Ban yi gardamar zomo ba. Na dawo ina jin cewa ilimi ya yi rana, kuma ban kula da maganar cizon nan yadda ya kamata ba.

Kawu ya dawo idonsa tangaran. Na rataye rigunan a ƙusa bayan ƙofa, ko da yake labari ya riga ni isa gare shi tun a tasha. Ya shafa karnukansa ya ce sun yi kyau. Ranar fitar farko na je raka shi. Abokan farautarsa suna jira a ƙofar gida, ya yi fito. Duna da 'Yar Ja suka leƙo, suka shaƙi iskar, suka koma suka zauna a ƙarƙashin ƙusar nan suna kallon sama. Ya sake fito. Ya kira sunayensu. Ya nuna musu ƙashi. Ko gezau.

Ya daɗe yana kallona da sabon idonsa.

"Na ce kada su bi wasu, ba su bi ba. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Sauko da rigunan."

Haka ya yi farautar shekarar nan, kuma an ce har yau a ƙauyen Bugaje akwai masu tambayarsa lafiyar yara.

Abin da na koya, in ban yi kuskure ba, shi ne riƙon amana bai tsaya ga mayar wa mutum abinsa ba. Sai ka duba ko ka haɗa masa da abin da bai ba ka ajiya ba.

Duk wanda yake wajen mai shayi a safiyar nan, ko a gindin gawo, in ya ga na kauce ina roƙonsa ya aiko da gyara, musamman kan batun ja ko zama. Maganar da ake yaɗawa cewa na sa musu hula kuwa ba gaskiya ba ce. Awo kawai na kai wa tela.