Feshin Muhandis a Gonar Soba

Jama'a, ku ji abin takaici! Ciyawa na neman cinye mana kuɓewa a Soba, yau na kai mijin ƙanwata, mai kiran kansa muhandis. Na ce, "Bari in haɗa maganin." Ya ce, "Yaya, wannan aikin masu ilimi ne, koma inuwa." To! Ya goya famfo, tun hantsi har azahar yana feshi, yana cika baki. Za mu tafi, na ɗaga buhu, sai ga kwalbar maganin ko buɗe ta ba a yi ba! Ruwa zalla ya fesa! Na nuna masa. Ko kunya babu, wai, "Da gangan ne, gwaji nake." Wallahi ban ruwa ya yi wa ciyawar nan!