Haladu Mai Banda, Wanda Ya Guje wa Hoton Ƙirji

Haihuwa da asali

An haifi Haladu a Baturiya ta ƙasar Haɗeja a shekarar babbar yunwa, wadda masu lissafi suka ce ita ce 1914. Mahaifinsa Zarami masunci ne, mahaifiyarsa Uwa kuwa 'yar gidan masu banda ce, wato masu busar da kifi da hayaƙi don ya daɗe bai lalace ba. Cikin maza huɗu da ta haifa, shi kaɗai ya yi rai.

Karatu da sana'a

Ya yi karatun allo har ya kai izu goma, amma da mahaifinsa ya rasu a 1927 sai ya ajiye allo ya kama banda a hannun mahaifiyarsa. A al'adar garin ba a yin banda a fili. Ɗaki ake ginawa marar taga, a saki asabari a ƙofa, domin an ce hayaƙin da aka tsare shi ke ba tarwaɗa jan launin da fatake suke so. Mai banda a ciki yake wuni yana juya kifi, idonsa na zubar da ruwa. Tarin da wannan ke kawowa ba a ɗauke shi ciwo ba, har tsokanar wanda ba ya yin sa ake yi, a ce bai ƙware ba. Haladu ba ya tari. Saboda haka abokinsa Ari, wanda ɗakunan bandarsu ke jere, ya sa masa suna mai ƙirjin ganga.

Aure

A 1935 ya auri Huseina, mutuniyar Kirikasamma, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa.

Aikin kuza

A 1942, lokacin yaƙin Turawa, aka yi diban gwamna, wato kwasar maza tilas zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos. Bulaman garin ya tara su a ƙofar gidansa, wani likita ya bi su ɗaya ɗaya yana ɗora musu abin sauraro a ƙirji. Wanda ya ji yana tari sai ya sallame shi. Aka sallami Ari, aka ɗauki Haladu. Su goma sha ɗaya suka tafi, bakwai suka dawo. A can cikin sanyi da ƙurar rami ya koyi shan taba, bai kuma bari ba. Tun daga wannan shekara mutanen garin suka riƙe abu guda a ransu: likitan da ya duba ƙirjin mai lafiya, ɗaukarsa zai yi.

Zuwan masu hoto

Da kakar 1956 saƙo ya zo cewa wani likita ya sauka a Haɗeja da injin ɗaukar hoton ƙirji, yana binciken ciwon huhu, kuma yana son ganin duk mai banda da duk wanda ya yi aikin kuza, ko da lafiyarsa ƙalau. Sunan Haladu ya fito a ɓangarorin biyu. Shi kansa ya so ya je ya ga injin, Huseina ce ta hana.

"Malam, wancan karon ma ƙirji suka ce za su duba," in ji ta. "Shekara guda ina kallon hanya da goyo a baya. Ba zan sake ba."

Ari kuwa dariya ya yi. "Ni zan je, tarina ne takardata. Kai mai ƙirjin ganga, ka san inda za ka nufa."

Huseina ta ɗaure wa Haladu ƙuli-ƙuli da garin gero a tsumma, ya shiga kwalekwale ya ɓuya a wani tudu cikin fadama, kwana tara, har masu hoton suka tashi. Haka aka yi a yawancin gidaje: masu tari da tsofaffi suka je, masu ƙarfi suka ɓuya. An ce malamin asibitin da ke kiran sunaye ya gaji har ya ce wa bulama ba wanda ya kwanta kaɗai suke nema ba, wanda bai san yana ɗauke da ciwon ba shi suka fi nema. Ba a kai kowa kuza ba. An ga tarin fuka a hoton Ari, aka yi masa allurai a Kano, ya dawo da ƙiba.

Jinya

A damunar 1958 muryar Haladu ta dushe, rigarsa ta fara yi masa yawa, sannan ya fara tofar da jini. An yi kunun kanwa, an yi ƙaho, an sha rubutu, ba a ga sauƙi ba. Bayan girbi Huseina ta kai shi Kano ta jirgin ƙasa daga Malam Madori. Da aka ɗauki hoton, likita ya nuna musu wani farin tabo a huhun dama, girman goruba, ya ce ƙari ne irin wanda ake kira ciwon daji, kuma ya wuce a yi masa aiki a cire. Ya tambayi sana'arsa, ya rubuta banda da kuza da taba, ya ce har yanzu ba su tantance wanne ya fi ɓarna ba, abin da suka je nema Haɗeja ke nan. Huseina ta tambayi tafinta ko da an gani shekara biyu da suka wuce, da an iya cire shi. Tafinta ya juya maganar, ya dawo ya ce, "Ya ce wataƙila, domin a lokacin ba zai fi ƙwayar gyaɗa ba." Suka komo gida. Haladu bai taɓa tayar mata da zancen tsumman guzurin nan ba, ko sau ɗaya.

Ƙarshen rayuwa

Abu ɗaya ya roƙa a asibitin, a ba shi hoton, aka kuwa ba shi. Da ya dawo ya sa 'ya'yansa suka kware rufin ɗakin banda, suka koma yi a fili. Kifin ya riƙa fita da hasken launi, fatake suka raina shi, maƙwabta suka ce ciwo ya taɓa masa hankali. Da labari ya zo a 1959 cewa masu hoton za su komo, sai ya sa ake kai shi ƙofar masallaci duk Juma'a. Idan an sallame, yakan ɗaga hoton ga rana ya ɗora yatsa a kan tabon, yana magana da muryar da sai an sunkuya ake ji: "Ga abin da na guje wa. Ashe tare muka shiga kwalekwalen." Wasu suka wuce, wasu suka tsaya. Maza ashirin da uku suka ba bulama sunayensu.

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa ranar wata Talata da hantsi, cikin kakar 1959, yana da shekara arba'in da biyar, saura kwana shida injin ya iso Haɗeja. Ari ne ya yi masa wanka. An yi masa salla a ƙofar gidansa, aka binne shi kusa da mahaifiyarsa a tudun gabas, inda ambaliya ba ta kaiwa. Huseina tana takaba, ba ta da ikon tafiya, saboda haka ta ɗaure wa yaran ƙuli-ƙuli da garin gero, ta haɗa su da Ari zuwa Haɗeja, ta ce masa kada ya dawo sai an ɗauki hoton kowane ɗayansu.

Ya bar 'ya'ya biyar: Ja'afaru, Barira, Shu'ibu, Hajo da Auta. Huɗu hotonsu ya fita lafiya. Ja'afaru, wanda ya fi daɗewa tare da shi a ɗakin banda, an ga inuwa kaɗan a nasa, an ce ya koma bayan wata uku. A lokacin Huseina ta kusa fita takaba, da zarar ta fita ita za ta kai shi. Allah ya jiƙan Haladu, ya sanyaya makwancinsa, amin.