Haƙorin Orval da Allurar Maruƙa

Orval Petrik makiyayi ne a tuddan yashin Nebraska ta ƙasar Amurka. Shekarunsa sittin da uku, bai taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba. Shi ke yi wa shanunsa allura, shi ke ɗinke su idan wayar shinge ta yage su, shi ya sa ya ɗauka nasa jikin ma ba zai gagare shi ba. Gonarmu tana jikin tasa. A kicin ɗinsa ya ba ni wannan labari, matarsa Lavonne tana gyara masa zance.

Cikin watan Maris, shanu na ta haihuwa, wani haƙorinsa na sama ya fara zogi. A irin wannan lokaci makiyayi ba ya barin garke. Sai ya buɗe firjin da ke rumfar shanu, ya ɗauko maganin da yake yi wa maruƙa allura da shi, ya auna daidai nauyinsa, ya tsira wa kansa a cinya.

Zogin ya lafa kwana biyu. Ran na huɗu idonsa na hagu ya kumbura ya turo waje, yana ganin saniya ɗaya kamar biyu.

Lavonne ta ce, "Tsoho, shiga mota."

"Saura karsana uku ba su haihu ba."

"Ka ce shida, tunda bibbiyu kake gani. Ƙanena zai duba su. Ko ka shiga da ƙafarka, ko in loda ka a tirelar shanu."

Tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa asibiti. Hoton da aka ɗauka ya nuna mugunya ta taso daga saiwar haƙorin, ta bi ta kogon da ke bayan kunci, ta taru a ramin ido tana danne jijiyar gani. Da Orval ya faɗi abin da ya yi, likitar da ta duba shi ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, allurarka ba za ta kwashe mugunyar da ta riga ta taru ba. Idan muka jira gobe, ba zan ba ka tabbacin idon nan ba."

A ranar aka yi masa aiki. Ta hanci aka shiga aka zuƙe mugunyar, aka cire haƙorin, aka riƙa sa masa magani ta jijiya har kwana shida.

Ranar sallama likitar ta rufe masa idon dama, ta nuna masa allon haruffa. Ya karanta layi bayan layi, sai na ƙasa ƙwarai ya gagare shi. Ya dubi likitar cikin damuwa.

Lavonne ta ce, "Likita, ki sallame shi. Wannan layin ko ranar aurenmu ba zai iya karanta shi ba."