Bututun da Ka Toshe, Yusha'u Mai Birki

Daga Abdulƙadiri Mode, Rabah

Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma, babba da yaro. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, daidai da 18 ga Safar, 1447, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Yusha'u, makanikin da duk direban da ke bin hanyar Wurno zuwa Goronyo ya sani da Yusha'u Mai Birki. Ya rasu a hatsarin mota, saura kaɗan ya shiga Goronyo, yana da shekara hamsin da ɗaya. Motar tawa ce. Wadda ke zaune a kujerar baya mahaifiyata ce, Inno, kuma surukarsa, domin ƙanwata Zakiyya yake aure. Inno ta tsira da karaya a ƙugu, har yau tana kwance a asibiti. An yi masa sutura washegari da safe a Wurno.

Yau kwana goma sha biyu ke nan, Yusha'u. Sau uku ina ɗaukar biro in rubuta maka irin abin da ake rubuta wa mamata, yabo zalla, sau uku ina ajiyewa. Ba don yabon ya yi ƙaranci ba. Akwai magana a tsakaninmu da ba mu gama ba, kuma ka san ni, ban iya haɗiye magana ba.

Tare muka yi firamare a Wurno. Ni na ci gaba da boko har na zama malamin makaranta a Rabah, kai ka tafi Sakkwato koyon kanikanci, ka dawo ka kafa rumfa a bakin tasha. Sauran makanikai kowa na son a ce shi ne gwanin inji. Kai ka zaɓi birki, aikin da ake yi a kwance cikin ƙasa. Na taɓa zolayarka cewa ka zaɓi ɓangaren da babu suna a cikinsa, sai ka ce mini, "Ƙadiri, kowa na son mai sa mota gudu. Ni bar ni in zan mai tsai da ita."

Shekara goma sha huɗu da suka wuce na sayi ƙaramar motata, fara, ta hannu, wadda tun a lokacin ta ga jiya. Kai ka raɗa mata Tantabara. Sai na taka birkinta sau uku kafin ta yarda ta tsaya, ni kuwa a jahilcina na ɗauka haka tsofaffin motoci suke. Ranar da na kawo maka ita, ba ka buɗe komai ba sai da ka zaunar da ni a kujerar direba.

"Taka a hankali, ka riƙe. Mi kaj ji?"

Na ce na ji laushi, kamar na taka soso.

"Iska na. Ƙahwarka ta hi ni sanin ciwon motarka, saurarenta na ba ka yi."

A ranar ka koya mini abin da har gobe ban manta ba. In birki ya yi laushi, iska ta shiga. In ka riƙe shi yana nutsewa a hankali har ƙasa, ko dai mai na zuba a wani wuri, ko masta, wato famfon da ke tura man birkin, ta gaji. In yana ƙara kamar ana wasa wuƙa, takalmin birkin ya cinye. In kuwa ka taka mota ta ja gefe guda, to akwai ƙafar da ba ta kamawa, kuma ka ce wannan shi ne wanda ya fi saurin kai mutum ƙiyama. Ka zubar da tsohon man birkin, wanda ya yi baƙi kamar ruwan kwata. Ka sake takalman baya, ka daidaita su, ka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa kana neman tsagewa. Sannan muka fitar da iska, kai a ƙarƙashin mota, ni a kan kujera, kana kira, "Taka! Taka! Riƙe! Saki!" ƙafa huɗu, har cinyata ta ɗauki rawa. Da muka gama ka shiga da kanka, ka kai ta gangara, ka dawo, ka miƙo mini makulli ka ce, "Ta yi."

Duk wanda ya san ka ya san nauyin waɗannan kalmomi biyu a bakinka. Ba ka faɗarsu don mai mota na sauri, ba ka faɗarsu don mai mota babban mutum ne. Na ga alhajin da ya kwana biyu a Wurno yana kumbura yana sacewa saboda ka ƙi cewa motarsa ta yi. Shekara goma sha huɗu ina ɗora iyalina a Tantabara a kan waɗannan kalmomi, ban taɓa leƙa ƙarƙashinta don in bincika aikinka ba.

Direbobi ba za su manta ranar Lauwali ba. Ya cika mota da fasinja, ya tsaya a rumfarka aron sifana, kai kuwa da karambaninka ka buɗe tukunyar man birkinsa, ka ga kumfa. Ruwan sabulu ya zuba, kamar yadda wasu ke yi in mai ya ƙare.

"Lauwali, mi na wanga? Wanki za ka yi ko tuƙi?"

"Oga, Goronyo kaɗai za ni. In na dawo a gyara."

"Babu inda za ka da ɗiyan mutane."

Ka zare makullin ka jefa a aljihu, ka sa fasinja suka sauka, ka samo musu wata mota. Lauwali ya yi wata biyu ba ya gaishe ka. Daga baya shi ne ya zama mai yi maka saƙon kayan gyara daga Sakkwato.

Amma abin da ka fi tsana shi ne toshe bututu. Ga wanda bai sani ba, in tiyon ƙafa ɗaya ya fashe mai na zuba, akwai masu ɗaukar guduma su dandaƙe bututun ƙarfen da ke kai mai ga wannan ƙafa, su bar mota tana tsayawa da ƙafa uku. A tafiyar sannu ba za ka gane ba. Duk bututun da ka samu an toshe a motar wani, sai ka yanke shi ka rataye a ƙofar rumfarka, har suka taru suka yi dami. In baƙo ya tambaya, sai ka ce, "Wanda duk yat toshe bututun birki ya riga ya yi kisan kai. Gawar ta kawai ba ta iso ba."

Alherinka ba ya ƙirguwa. Shekarar da aka watsa ƙauyukan Rabah, mutane suka yi ta kwararowa da tsofaffi da yara a motocin da ba su cancanci hawa titi ba, kwana uku ka yi a bakin hanya da akwatin kayan aikinka, duk motar da ta zo sai ka duba ƙafafunta. Ka riƙe ƙanwata shekara ashirin da biyu, ba ta taɓa zuwa gida da kuka ba. Da mahaifinmu ya rasu, kai ka shiga kabari ka karɓe shi. Ina faɗar wannan don kada wani ya ce baƙin ciki ya mantar da ni ko kai wane ne.

Ranar Asabar kafin rasuwarka na ji birkin Tantabara na nutsewa. Na kawo ta, ka duba, ka nuna mini tiyon ƙafar gaba ta dama ya tsage, mai na ɗiga. Ka ce babu irinsa a Wurno, sai an sayo daga Sakkwato, in bar ta in koma Rabah a motar haya. Na bar ta. A lokacin Inno na gidanka, ta zo daga Kagara ganin jikokinta.

Ranar Talata da azahar ka kira ni a waya.

"Ƙadiri, Inno tac ce yau taka son komawa Kagara. Za ni aron Tantabara in kai ta."

Na ce, "Tiyon ya iso?"

Sai ka ce, "Kak ka damu. Ta yi."

Na ce Allah Ya kiyaye hanya, na koma aji. Ko sau ɗaya zuciyata ba ta buga ba.

Sauran labarin Inno ta ba ni shi. An yi ruwa, titi ya jiƙe. Garken shanu ya fito daga cikin gero ya shiga hanya. Ta ji ka yi salati, ka taka, motar ta juya hagu kamar an fizge ta da igiya, ta daki kwalbati ta kife.

A wurin jana'iza liman ya ce duk wanda marigayi ya taɓa saɓa wa ya yafe masa. Muryata ta fi ta kowa ƙarfi. Ina kuka, ina ganin motata ce ta ci amanarka. Washegari muna zaman makoki a ƙofar gidanka sai ga Lauwali, idanunsa jajur. Ya durƙusa ya yi mini gaisuwa, ya zaro wata leda ya miƙo.

"Malam, ga saƙon marigayi. Tiyon motarka na, da yac ce in sawo mai. Jiya nis samo shi."

Na riƙe ledar nan ina kallonta, sabon tiyo fil, ko buɗe shi ba a yi ba. Na tashi na tafi bayan rumfarka inda aka jawo motar aka ajiye. Karo na farko a rayuwata na kwanta a ƙasa na bincika aikinka. Ga bututun ƙafar gaba ta dama, an dandaƙe shi, an naɗe bakinsa sau biyu, tsaf, ko ɗigon mai babu. Ko a ɓarnar ma hannunka bai iya aikin banza ba. Na daɗe a kwance a wurin, taku biyar daga damin da ka rataye a ƙofa.

Zakiyya ta faɗa mini yadda aka yi. Inno ta tashi da safe ta ce hankalinta ya koma kan gonarta da awakinta, a samo mata ɗan kabu-kabu ya kai ta tasha. Kai kuwa shekara ashirin da biyu ba ka taɓa ɗaga ido ka kalli fuskar Inno ba, ba ka taɓa cin abinci a gabanta ba, ba ka taɓa mayar mata da magana ba. Ka durƙusa daga bakin ƙofa ka ce, "To, Inno." Ka ga abin kunya ne surukar makaniki ta hau babur cikin damina, ta matsu da buhuna a motar haya, alhali ga motar ɗanta a rumfarka. Ka ga ya fi kunya ka ce mata ta ƙara kwana ɗaya. Sai ka ɗauki guduma.

Na san kunyar suruka, ni ma ina da suruka. Amma kana da Zakiyya, da ka aike ta ta ce wa uwarta mota ba ta da lafiya. Kana da ni, da ka ce mini gaskiya a waya, ni zan lallashi uwata, aikina ne. Kai da ka iya zare makullin Lauwali a gaban fasinja, kai da ka tsare alhaji kwana biyu, ka kasa ce wa tsohuwa ta kwana. Ka ji kunyar idonta, ba ka ji tsoron ranta ba. Kuma ka ɗauki kalmar da na dogara da ita shekara goma sha huɗu ka rufe mini baki da ita. Wannan shi ke ci mini rai, Yusha'u, ya fi motar, ya fi komai. Ka ci amanata, kuma ka tafi inda ba zan iya riƙe rigarka in tambaye ka ba.

Wasu za su ce me ya sa na tona asirin mamaci. Na yi ta juya abin. Amma na zauna a tasha na ji direbobi na cewa, in birkin da Yusha'u ya gyara ya ƙi kamawa, to gyara wahalar banza ce. Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma naka ya zo. Sai dai ba zan bari a rushe aikin shekara talatin da labarin da ba haka yake ba. Ku ji, 'yan tasha: gyaran Yusha'u bai taɓa ba da kunya ba. Rana ɗaya ya bar gyara ya yi toshi, ranar ce kuma ta ɗauke shi.

Sannan akwai Inno. Kwana bakwai tana kuka a gadon asibiti tana cewa, "Ni nik kashe yaron ga da gaggawata." Na kasa jurewa, na gaya mata komai. Hawaye na bin kunnenta, ta ce, "Kunyata yaj ji, Abdu. Na yahe mai duniya da lahira. Kai ma ka yahe mai." Na sunkuyar da kai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwata Zakiyya, da 'ya'yanka Firdausi da Nasrullahi, da 'yan'uwanka na Dinawa, da dukan direbobi da makanikan tashar Wurno. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya tashi kafaɗun Inno. Allah Ya haskaka kabarinka, Yusha'u, Ya sa rayukan da suka isa gida lafiya ta sanadin hannunka su yi nauyi a mizaninka, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Inno ta yafe maka, Zakiyya ta yafe maka. Ni yafiyar da na yi a jana'iza na yi ta ne ban san abin da nake yafewa ba, kuma ba zan yi maka ƙarya kana kwance ba. Kullum in na idar da salla ina gwadawa, har yanzu zuciyar ba ta kai can ba. Ya Allah, kada Ka jira ni. Ka gafarta masa tun yanzu, ni kuma Ka ba ni ikon biyowa.