Yadda Wandona Ya Kusa Hana Ladi Aure

Akwai wata Talata a aikin nan da ba ta fita raina, kuma tun kafin wani ya ba ku labarin a karkace, gara in amsa laifina da bakina: ni na ɗauke littafin. Ba sata na yi ba. Dutsen guga ne ba ni da shi, littafin kuwa nauyinsa ya kai na ɗan maraƙi.

Ina da shekara goma sha shida aka ɗauke ni aiki a kotun alƙali a nan Dutsin-Ma, bayan na gama firamare, don an ce hannuna yana da kyau. Yanzu na shekara biyu a aikin, wato ku sababbin ma'aikata da kuka zo jiya sai ku riƙa gaishe ni da ladabi. Aikina kwafi ne. In mutum ya zo neman shaidar wata shari'a da aka taɓa yi, ni ke nemo ta a littafi, in kwafe a takarda, in kai wa Malam Haruna. Shi ne mufti, malamin da ke zama kusa da alƙali yana rubuta abin da aka yanke. Zai gwada kwafina da abin da ke littafi, sannan alƙali ya sa hannu a buga hatimi. In babu hatimin nan, takardar ba ta fi ta ƙunshin ƙosai daraja ba.

Da na kama aiki sai na ɗinka wandon kaki. Malaman ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, suna wucewa da karin guga kamar bakin aska, ni kuwa nawa kamar an ƙwato shi daga bakin saniya. Rannan ina share ɗakin ajiya, inda aka jera littattafai shekara bayan shekara a kan kanta, sai na ga wani ƙato shi kaɗai a kan akwati can lungu, da bangon jar fata. Na buɗe, duk ajami ne, ni kuwa ajami ina karanta shi kamar mai tafiya cikin taɓo. Na ce wannan ya yi ritaya. Na sa shi cikin riga na kai ɗakina. Kullum in yayyafa wa wando ruwa, in ninke, in danne da shi. Wata uku ina haka. Karin da na samu, in na wuce kusa da kaza sai ta kauce.

To, ranar Talatar nan da hantsi Malam Haruna ya tafi wurin suna, ya bar ni ni kaɗai. Sai ga wata mace ta yi sallama, da wani dogon mutum siriri a bayanta. Sunanta Ladi, fura take sayarwa a Kurfi. Shi kuma Audu tela, wanda zai aure ta ranar Juma'a.

Ta yi mini bayani tiryan-tiryan. Mijinta na farko ya tafi Kurmi, can kudu, ya yi shekaru ba aike ba labari, ta kai ƙara, alƙali ya raba auren, ta yi idda, ta koma Kurfi wurin wanta. An ba ta takarda, amma wata damina ɗakinta ya yi yoyo, takardar ta zama kunu. Yanzu da maganar Audu ta taso, sai wan tsohon mijin ya je ya gaya wa liman cewa shi bai san an raba komai ba. Liman ya ce ba zai ɗaura ba sai ya ga shaidar kotu.

Na gyara zama, na ƙara wa muryata kauri. "Wace shekara ce, Iya?"

"Damina biyar ke nan da ta bana."

Na sauko da littafin shekarar, na bi shafi-shafi. Babu. Na duba na gabanta da na bayanta. Na ga Ladi har huɗu, amma ba wadda mijinta ya tafi Kurmi. Sai na rufe littafi da ƙarfi, yadda na ga manya suna yi, na ce, "Iya, abin da babu a littafi, ba a yi shi ba. Da aurenki."

Na sha faɗin maganar banza a rayuwata, amma wannan ita ce sarauniyarsu. Ladi ba ta yi kuka ba. Zama ta yi a ƙasa, ta zuba mini ido.

"Ɗan nan, mi kake faɗi? Da idona na ga alƙali. Da kunnena na ji. Wato in aka ɗaura ran Juma'a, aure kan aure na yi?"

Audu ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

Ana haka Malam Haruna ya dawo yana taunar goron suna. Ya ji bayani, ya harare ni, ya zauna. Shi bai tambayi shekara ba.

"Baiwar Allah, ranar da aka yi shari'ar, da kika ɗaga kai mi kika gani?"

"Tsamiya, Malam."

"A ina?"

"Ƙauyen Kuki, ranar kasuwa. Har wata akuya ta shigo tsakiyarmu, ɗan doka ya bi ta ya faɗi."

Malam ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. "Ni na rubuta shari'arki! Ɗan dokan ma yana nan, har yau ba ya shiri da awaki. Kai, ja'iri, shari'ar rangadi kake nema a littafin gida?"

A nan na fara jin, daga bakin Malam, abin da ya kamata in sani tun makon farko. Lokaci-lokaci alƙali yakan fita ƙauyuka ya yi shari'a a can, don sauƙaƙa wa mutane tafiya. Abin da aka yanke a rangadi ba ya shiga manyan littattafan kanta. Littafinsa daban ne, wanda ake ɗaurewa a bayan doki, shi ya sa ake masa bangon fata saboda ruwa. In ya cika a ajiye shi gefe, a buɗe sabo.

Da na ji "bangon fata", sai na saci kallon karin wandona.

Malam ya shiga ɗakin ajiya. Muka ji shiru. Muka ji an ja akwati. Sannan ya ƙwala mini kira. Na shiga na taya shi nema, kuma ban taɓa yin aiki da himma irin ta ranar ba. Na leƙa ƙarƙashin kanta, na ɗaga tabarma, har cikin tulu na duba. Malam ya ce, "Littafi ne muke nema, ba kwaɗo ba."

Muka fito hannu wofi. Dariyar Malam ta ɗauke. Ya gaya wa Ladi gaskiya: in babu littafin, sai a nemo shaidun da suka halarta, a sake zama, kuma wannan ba aikin kwana uku ba ne. Ta ce ɗaya ya rasu, ɗayan ba ta san inda ya koma ba.

Audu ya ce, "Ga shi an riga an raba goro."

Ladi ta ce, "Goro kake ji? Ni da zan koma in zauna bakin kasuwa da ƙwaryata, kowa ya zo sayen fura yana kallona matar wani mai neman wani?"

Na matsa gefe na yi kamar ina gyara takardu. Audu kuwa, da yake tela ne, in ransa ya ɓaci ba ya kallon fuska, tufafi yake kallo. Tun ɗazu idonsa na kan ƙafafuna.

"Samari, wa ke maka guga?"

Na ce, "Ni."

"A'a. Wannan ba karin dutse ba ne. Dutse yana sa kaki ƙyalli. Wannan danni ne, da abu mai nauyi kau." Ya sunkuya ya kama wandon wajen gwiwa. "Kuma abin jar fata ne, ga rininta nan ya zauna."

Malam Haruna ya dubi gwiwata. Ya dubi fuskata. Ya sake duban gwiwata. Na ji dukan garin ya yi tsit, har jakunan kasuwa.

Na ce, "Malam, in na ce ina zuwa, za a bar ni in dawo da raina?"

"Ruga!"

Gudun da na yi rannan, da doki ya gan ni da ya nemi sanin asalina. Na dawo da littafin a ka kamar mai tallan gyaɗa. Malam ya karɓa, ya shafa bangon, ya lasa yatsa ya yi ta buɗawa. Can sai ya tsaya, ya karanta da ƙarfi: sunanta, sunan ubanta, sunan mijin, shaidu biyu, da hukuncin raba aure. Bai kai ƙarshe ba Ladi ta rangaɗa guɗa a cikin ofis. Ɗan doka ya leƙo da kulki yana tambayar wa aka haifa.

Ta juyo kaina. "Malam ƙarami, yanzu da aurena ko babu?"

Na ce, "Babu, Iya. Ko ɗigo."

"Allah ya shirye ka. Audu, in an kwana biyu ka saya wa yaron nan dutsen guga, kada ya raba wani auren."

Malam yana karanta ajamin ina rubutawa da boko. Kwafin farko na ɗiga masa tawada, sai a na biyu aka dace. Saura hatimi, alƙali kuwa ya fita rangadi, sai Laraba da yamma zai dawo. Malam ya sallame su, ya ce takarda za ta same su har gida. Da suka fita ya kama kunnena ya murɗa, har yau na hagu ya fi na dama tsawo. Ya ce ɗaukar littafin wauta ce, kuma wauta tana warkewa. Abin da ya fi ba shi haushi kalmar "babu" ce. Mutanenmu ba sa riƙe kwanan wata, amma suna riƙe bishiya da ranar kasuwa da wanda ya faɗi, don haka a tambaye su abin da suka gani. In an duba ba a samu ba, a ce "ban gani ba tukuna". Tun daga ranar haka nake cewa, ko allura aka tambaye ni.

Hukuncina shi ne in kai takardar Kurfi da kaina, a kan keken Malam. Abokaina na gaya musu cewa na ratsa rafi uku da ruwa iya wuya, takarda a baki, na isa daidai liman ya miƙe zai tafi. Wannan ƙari ne. Alƙali ya sa hannu ranar Alhamis da safe, na isa Kurfi kafin la'asar, taya ɗaya ta yi faci a hanya. Liman ya aika aka kira wan tsohon mijin, ya sa na karanta takardar a gabansa, ya duba hatimin da kyau. Mutumin ya ce ya ji, ba shi da magana. Aka ɗaura auren Ladi da Audu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.