Gudumar Baba da Silin Ɗakina

Wata huɗu ke nan da abin ya faru, amma har yau in na shiga ɗakin mutane sama nake fara dubawa kafin in gaida masu gida. Wata ƙawata ta ce ina shiga ɗaki kamar mai neman saƙar gizo. Ban yi mata gardama ba. Ko a kemis ɗin da nake aiki, kwalin magani in ya zamo daga kanta ya faɗi, sai in tsinci kaina a bakin titi, kwastoma yana tsaye yana jiran canjinsa.

Daga ƙauyenmu kusa da Gwantu na zo Kafanchan bayan na gama sakandare. Na sami aikin kemis, na kuma sami ɗaki guda a gidan wani tsohon ma'aikacin reluwe da kowa ke kira Baba. Ɗakunan gidan a jere suke ƙarƙashin kwano ɗaya: na Baba da matarsa, wadda muke kira Mama, sai siton Mama, sai nawa a ƙarshe. Ɗakin ƙarami ne, amma shi ne wuri na farko a duniya da nake da makullinsa ni kaɗai. In na rasa shi, albashina ba zai kama mini wani ba, ƙauye zan koma.

Aikin Baba a zamanin da jirgi ke tsayawa a tasha shi ne ya bi taragai da wata guduma mai dogon hannu, yana ƙwanƙwasa ƙafafun jirgi ɗaya bayan ɗaya, yana saurare. Daga ƙarar yake gane ƙafar da ta tsage. Jirgi ya daɗe da daina zuwa, Baba ya yi ritaya, gudumar ce ta ƙi yin ritaya. Tankin ruwa yana shan ƙwanƙwasa. Ƙofar gida tana sha. Mama in ta sayo sabuwar tukunya, ɓoye ta take yi sai ta yi baƙi. Kafinta kuwa ba ya shiga gidan nan, don a wurin Baba duk mai duba abu da ido kawai bai san aiki ba.

Da ruwan farko na damina silin ɗakina ya fara yin ciki. Da fari ɗan lotsawa ne daidai saman katifata, sai ya riƙa ƙaruwa, har wata safiya na ga kan ƙusa biyu sun nutse cikin allon. Na je na sami Baba a gindin mangwaro, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa.

Ya ɗauko guduma, ya shigo ɗakin da takalminsa, ya ce in yi shiru. Ya ɗaga ta ya taɓa silin sau uku. Dum, dum, dum. Ya karkatar da kai, ido a rufe.

"Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Me kika ji?"

"Ƙara na ji."

"Wannan ba ƙara ba ne, yarinya na, lafiya ce. Katakon da gara ya ci, ƙwas-ƙwas yake yi kamar ƙwarya. Wannan a cike yake. Sai ya binne ni da ke."

Na ce, "Baba, amma ai ga shi ya yi ciki."

Ya shafa nasa cikin ya ce, "Ni ma na yi ciki. Na faɗi?"

Haka muka yi sau uku cikin wata guda. Ni in nuna da yatsa, shi ya saurara da kunne, kunne ya ci nasara. Na ja katifata zuwa jikin bango, amma ɗakin bai da faɗin da mutum zai guje wa komai. Ina kwance ina kallon cikin nan yana kallona. Ga atishawa da ta kama ni, ɗakin kullum yana ƙamshin citta, sai dai a gidanmu wannan ba labari ba ne. Mama citta take nomawa, a tsakar gida ake tsaga ta a shanya, har kayan wankinmu ƙamshinta suke yi.

Matar da nake wa aiki a kemis ce ta ba ni shawara. Ta ce, "Ki riƙe kuɗin haya. Mai gida ba ya jin Hausa sai ranar da wata ya ƙare." Ni da ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, na kwana biyu ina haddace abin da zan faɗa. Ranar biya na je gindin mangwaro hannu babu komai, na ce kuɗin yana nan, ban taɓa shi ba, amma sai an kawo kafinta.

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dube ni da kyau.

"Yajin aiki ne?"

"A'a, Baba."

"Yajin aiki ne. Na san shi, mu muka fara shi a garin nan tun ba a haifi uwarki ba. To, in wata ya sake ƙarewa ban ga komai ba, notis zan rubuta miki. Da biro ja."

Daga ranar Baba ya ɗauke kujerarsa daga gindin mangwaro ya dasa ta a bakin ƙofar gida. Wai ya taɓa yin ɗan haya da ya sulale da kayansa da tsakar rana. Ya daina zuwa hira wurin abokansa 'yan fansho, ya daina zuwa duba gona. In na fito da jaka sai ya kalli girmanta. Rannan na fito da baho zan je ɗiban ruwa, ya ce, "A hankali ake kwashe kaya, yau baho, gobe katifa." Amma duk da haka in na dawo aiki sai ya tambaye ni ko na ci abinci.

Mama ce ta ba ni mamaki. Na zaci za ta bi bayan mijinta, sai na ga kullum tana ƙofata. "Ɗiya na, zo ki kwana a wurina mana, ɗakin nan akwai sauro." Na ce ina da gidan sauro. Washegari ta ce ta yi mafarki marar kyau, in zo mu yi addu'a tare har safe. Ta kuma dame Baba da aike: ya je Jere gaida ƙanwarsa, ya je asibiti a auna jininsa, ya je ko'ina ne. Baba ya ce ƙafarsa ba za ta bar ƙofar nan ba sai yajin aiki ya ƙare. Na ɗauka tausayina take ji. Tausayin ne, amma da saura.

Da wata ya kusa ƙarewa tsoro ya ishe ni, na kai maganar wurin wani dattijon ikilisiyarmu, tsohon hedimasta, sa'an Baba ne kuma abokin tsokanarsa. Na ba shi kuɗin hayar ya riƙe, don kada a ce na ci. Ya ce zai zo ranar Lahadi bayan sujada.

Ya zo da rana tsaka, da Littafi a hammata. An yi ruwa kwana biyu a jere kafin ranar. Baba ya shiga ciki ya fito sanye da tsohuwar rigar aikinsa mai maɓallan ƙarfe, wadda ta daina haɗuwa a tsakiya, guduma a kafaɗa. Mama tana bakin sito tana murza hannu.

Dattijo ya leƙa ɗakin, ya ɗaga kai, ya ja da baya taku ɗaya.

"Tsoho, wannan ai wata tara ne. A kira ungozoma."

"Kai alli ka sani, hedimasta. Shigo ka koyi aiki."

"Daga nan ma ina ji."

"Baban yara," in ji Mama, "bar shi haka. A kira kafintan kawai, ni zan biya."

"Ke kuma da me?"

Mama ta juya ta dubi siton.

Baba ya kama hannuna ya tsayar da ni a tsakiyar ɗaki. Ya ce duk matsalar ita ce daga gefe nake saurare, shi ya sa ban taɓa jin ƙarar da kyau ba. Ni kuma na tsaya. Har yau ina tambayar kaina me ya sa na tsaya. Babba ya ce tsaya, ga dattijon coci yana kallo, ina sanye da kayan sujada, sai na tsaya.

Dum. "Kin ji?" Dum. "Hedimasta, ka ji?"

"Ban ji ba," in ji Dattijo daga bakin ƙofa, yana dariya. "Ƙara ƙarfi, hannunka ya tsufa."

Baba ya ƙara ƙarfi.

Ban ji ƙarar karyewar ba. Abin da na sani, hasken ɗakin ya ɗauke, wani abu mai nauyi ya daki kafaɗata ya kai ni ƙasa, sai ƙura mai yaji ta cika mini ido da hanci da baki. Ina son in yi ihu, numfashi ya ƙi shiga. Abubuwa suna ta zubo mini a baya kamar tsakuwa. Na tuna na ce a zuciyata, ashe haka ake mutuwa, da rana, da takalmin coci a ƙafa. Na kira sunan Yesu, ban san ko ya fita daga bakina ba.

Dattijo ne ya jawo ni waje ta ƙafa. Da idona ya buɗe, na ga tsakiyar ɗakina cike da buhuna, wasu sun fashe, busasshiyar citta ta bazu har bakin ƙofa. Buhu ɗaya ya sauka daidai kan filona, ya lotsa katifar har ƙasa. Shi na fi kallo. Baba yana zaune a cikin tarkacen, kansa fari fat da ƙura, guduma a cinya, yana atishawa ba ƙaƙƙautawa. Ba abin da ya same shi sai ƙujewa a goshi.

Mama ta zube a gabana tana kuka tana shafa kafaɗata, maganar tana fita guntu-guntu. Cittarta ce ta bara. Ta san in Baba ya gan ta zai sa a sayar tun da rani, ita kuwa tana jiran farashi ya tashi. A silin sitonta akwai ƙofar hawa, to lokacin da Baba ya tafi Kaduna tantancewar 'yan fansho sai ta sa aka hau da buhunan. Saman sito ya cika, aka tura sauran gaba, gaba kuwa saman ɗakina ne. Kwano yana yoyo, buhuna suka sha ruwa suka ƙara nauyi. Tun ranar da na fara ƙorafi take neman rana ɗaya da Baba zai fita ta sauke su a ɓoye. Ni kuma na riƙe haya, na dasa mata shi a bakin ƙofa.

Baba ya fito yana goge fuska da hular Dattijo. Ya dubi Mama, ya dubi buhuna. Sai ya juya wurin abokinsa.

"Amma ka shaida na ce a cike yake."

"Ka faɗa, tsoho. A cike yake."

Kowa ya yi dariya, har Mama cikin hawaye. Ni ma na buɗe baki zan yi, sai jikina ya kama rawa, haƙorana suna haɗuwa, na kasa tsayar da su. A nan Baba ya daina dariya. Ya ajiye gudumar a ƙasa, ya durƙusa da ƙyar a gabana, tsoho da shi, ya ce, "Yarinya na, ni na tsayar da ke a wurin. Ki yafe mini." Na gyaɗa masa kai.

Kafaɗar ba ta karye ba, ta yi sati uku tana tsami. Na kwana a ɗakin Mama kwana goma, a gefen da ya fi kusa da ƙofa. Maganar notis ba wanda ya sake tayar da ita. Dattijo ya kawo kuɗin da na ba shi ajiya, Baba ya ce a ba kafinta, shi da bakinsa ya furta kalmar, ko da yake sai da ya yi kamar zai shaƙe.

Kafinta ya zo ya cire ragowar allunan, ya canja katako biyu, ya toshe yoyon kwano. Da ya ɗauko sabon allo zai fara bugawa, ina tsaye a ƙofa, sai ranar ta dawo mini sabuwa. Na ce ya dakata. Na ce a bar shi haka.

"Haka yaya?" in ji Baba.

"Ba silin, Baba. Ina son in riƙa ganin abin da ke samana."

Ya ce ba a taɓa yi ba, gidan ma'aikacin reluwe da ɗaki tsirara kamar rumfar kasuwa, mutane za su ce yana cutar 'yar haya. Ya ce zafi zai gasa ni. Gaskiyarsa ne, da rana ɗakin tanda ne, in ana ruwa kuma ko waya ba na iya amsawa. Amma ina kwanciya in ƙirga katakon rufi daga wannan bango zuwa wancan, in ga babu komai a kansu, sannan barci ya zo.

Sabbin allunan suna jingine a siton Mama. Duk ƙarshen wata in na kai haya, Baba yana karɓa ya rubuta risit, sai ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Yarinya na, wannan watan fa? A sa?"

Sai in ce, "Tukuna, Baba."

Yakan yi tsaki a hankali, ya miƙo mini risit ɗin, ya ce shi bai taɓa ganin gidan da mai gida ke roƙon a bar shi ya yi gyara ba. Na ce masa zan faɗa masa ranar da na shirya. Ban san ranar ba tukuna.