Makarantar Auta Tana da Nisa

Ya daɗe yana tuƙa motar makarantar firamare ta gwamnati, har yara suka manta yana da suna, kowa sai Baba Direba. Da sassafe yake zaga unguwanni yana kwasar 'ya'yan mutane. Ya san sarkin makara, ya san wadda take amai in an hau gada. Tasa 'yar kuwa, Auta, tana gida bakin taga tana jera murafen kwalba.

Auta ba ta magana, ba ta haɗa ido da kowa. In maƙwabta suka tayar da injin niƙa sai ta toshe kunne tana kaɗa jiki. Likita ya ce galahanga ce, kuma za ta iya koyo in ta samu wanda ya san hannunta.

Da ta isa shiga aji, ya kai ta wajen shugabar makarantarsu.

"Ranki ya daɗe, ga tawa ita ma."

Shugabar ta karɓe ta da zuciya ɗaya. Amma ajin cike yake maƙil, hayaniya kamar kasuwa, Auta ta shige ƙarƙashin tebur ta ƙi fitowa. Bayan mako guda shugabar ta kira shi, tana magana tana kallon ƙasa.

"Baba, ba ƙin ta muka yi ba. Ba mu da malamin da aka koya wa wannan aikin."

Makarantar gwamnati mai irin waɗannan malaman tana can babban birni, ta kwana ce, kuma gurbi kaɗan ne. Ya yi ta sintiri har takalminsa ya gaji. Auta na da shekara tara aka ce ya kawo ta. Matarsa ta haɗa mata kaya tana share hawaye da gefen zani.

"Kai ka nema, ka samu, kuma ka fi kowa ɓata rai," in ji ta.

"Ni? Ƙurar hanya ce ta shige min ido."

"Tun ba a hau hanyar ba?"

Gidan ya yi musu faɗi. Yakan dawo daga aiki ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya rasa me ya shigo ɗauka. In wata yarinya ta yi dariya a bayan mota, sai ya ɗaga ido ya duba madubi.

Ƙarshen wata yake zuwa ganinta. Ta koyi nuna hoton kofi in tana jin ƙishi, ta koyi ɗaura takalmi da kanta. Ba ta rugowa ta tare shi. Tana zuwa a hankali, ta kama hannunsa ta shinshina hannun rigar, sannan ta ɗora tafinsa a kanta ta riƙe. Haka zai tsaya, ko hannun ya sage ba ya janyewa, har a kaɗa ƙararrawa.

Bara aka ce gwamnati za ta buɗe irin wannan ajin a makarantarsu. An gyara ɗaki ɗaya kusa da inda yake ajiye mota, an shafa masa fenti ruwan sama, an kawo ƙananan kujeru. Malama ake jira, ɗakin yana kulle. Shi kuma baɗi zai yi ritaya.

Rannan shugabar ta same shi yana leƙa tagar ɗakin.

"Baba, ko an buɗe, Auta ai ta girmi ajin nan."

"Na sani, ranki ya daɗe," ya ce. "Akwai wani yaro irin Auta a layin masu walda, kakarsa ce ke riƙe da shi. In malamar ta zo kafin in tafi, a bar ni in ɗauko shi."